Babur na farko ga mai koyo: 125 ko in kama babba tun yanzu?

Sabon_Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na fara koyon babur, na iya tashi da tsayawa da kwana a fili, amma ban taɓa shiga babban titi ni kaɗai ba. Yanzu na tara abin sayen nawa, kuma zaɓi biyu ne a gabana: sabon babur mai inji 125cc, ko wani mai 600cc na hannu irin na tsere mai rufaffen gaba da abokin yayana zai saki. Abokaina sun dage cewa 125 ba zan daɗe ba zan gaji da shi in dawo neman mai saye, gara in kama babban in riƙa lallaɓa shi. Amfanin da zan yi da shi zuwa aiki ne da dawowa a cikin gari, sai ɗan fita waje jefi-jefi. Waɗanda suka daɗe a harkar, me kuka gani?

Kawu_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar 600 ɗin nan inda ka gan shi. 125 na yau da kullum ƙarfinsa doki 10 ne zuwa 11. 600 na tsere mai silinda huɗu, irin su Yamaha R6 da Honda CBR600RR, ya haura doki 100, kuma a giya ta ɗaya kaɗai yana iya wuce kilomita 100 a awa. Maganar "zan lallaɓa shi" tana da daɗin faɗa, amma mai koyo ba da gangan yake murza totur ba. Rami zai faɗa, jikinsa ya girgiza, hannu ya murɗa da kansa. A kan 125 babur ya ɗan zabura ka gyara zama. A kan 600 kafin ka gane abin da ya faru ka riga ka bar hannunka. Ba a koyon sukuwa a kan ingarma.

Ɗan_Totur:
Kawu, da girmanka, amma ban yarda ba. Hannun dama mai murza totur ne ke jawo haɗari. Ni da 650 na fara, kuma ga ni lafiya lau har yau. Mai hankali ko me ka ba shi zai tafi da shi daidai, marar hankali ko keke ka ba shi sai ya ji ciwo.

Mai_Sufana:
@Ɗan_Totur wane 650? Domin akwai magana a nan.

Ɗan_Totur:
Suzuki SV650.

Mai_Sufana:
To ka gani. SV650 silinda biyu ne, ƙarfinsa doki 70 da 'yan kai, kuma yana sakin ƙarfin a hankali tun daga ƙasa. 600 ɗin da yaron nan yake magana a kai silinda huɗu ne, a ƙasa kamar ba ya komai, sai injin ya yi sama sannan ya buɗe gaba ɗaya. Duk da lambarsa ta fi taka ƙanƙanta, ya fi naka ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutane suna ruɗuwa da lambar cc, wato ma'aunin girman inji. Royal Enfield Classic 350 doki 20 ne, KTM 390 Duke kuma wajen 44, alhali lambobinsu maƙwabtan juna ne. Mai neman babur na farko ya tambayi ƙarfin doki da nauyi kafin ya tambayi cc.

Ɗan_Totur:
Wannan na yarda da shi. Amma maganata tana nan, 125 ya yi wa babban mutum kaɗan.

Bako_A2:
Ni a Turai na yi lasisina, bari in faɗi yadda suka tsara, ko zai taimaka wajen auna abin. A ƙasashen Tarayyar Turai lasisin A1 bai wuce 125cc da kilowat 11 ba. Na gaba da shi A2, iyakarsa kilowat 35, wato kusan doki 47. Cikakken lasisin A sai ka yi shekara biyu a kan A2, ko kuma ka kai shekara 24 ka shiga kai tsaye. A Birtaniya mai koyo yana yin horon da suke kira CBT, a ba shi damar hawan 125 da alamar L ta mai koyo, ba ɗaukar fasinja, ba hawa babbar hanyar mota. A Ostareliya kuwa suna haɗa biyun, cc kar ya wuce 660, ƙarfi kuma kar ya wuce kilowat 150 ga kowane tan na nauyi. In ka cire mai shekara 24 da ya shiga kai tsaye, duk cikin tsarin nan babu inda mai koyo zai taɓa 600 na tsere. Ko da dokar inda kake ba ta hana ka ba, ka ari ma'auninsu.

Sabon_Mahayi:
Na gode ƙwarai. Ban san bambancin silinda biyu da huɗu ya kai haka ba. To amma batun gajiya da ƙaramin fa? Shi ne ke damuna.

Uwar_Sadiq:
In ka gaji da shi ka sayar. Ƙananan babura ba sa kwantai, kullum akwai sabon mai koyo da ke nema. Babban da ka kayar ka fasa masa rufin gaba shi ne zai zame maka kaya.

Kawu_Bakanike:
Hajiya ta taɓo wurin. Ku sani babur na farko zai sha ƙasa. Ba haɗari nake nufi ba, Allah ya tsare. A tsaye ma yana faɗuwa: ka manta ba ka sauke jak sosai ba, ko ka kama birkin gaba kan babur yana a karkace, ko ƙafarka ta sauka a kan tsakuwa ta zame. Wanda babu rufi a jikinsa, abin da zai samu bai wuce lanƙwasar hannun kulochi ko fashewar madubi ba, a ɗan lokaci an canza. Mai rufin roba kuwa gefe guda ne zai tsage tun daga fitila har ƙasa, ga sigina, ga fenti. Sannan nauyi. Yawancin 125 suna tsakanin kilo 115 da 130. 600 ya doshi 190. In mai kilo 120 ya fara karkata, ƙafa ɗaya za ta tare shi. Mai 190 in ya wuce wani mizani sai dai ka sake shi ka tsira da ƙafarka.

Akwai kuma zaman. Na tsere an yi shi ne don ka kwanta a kan tanki, hannuwa a ƙasa, nauyinka a kan wuyan hannu, kan babur ɗin kuma ba ya juyawa sosai. A cunkoson gari, inda za ka yi ta kama kulochi kana saki, kana leƙa baya, kana juyawa a ƙuntataccen wuri, wahala ce zalla. Injin kuma yana hura maka zafi a cinya duk lokacin da aka tsaya.

Gajeren_Zango:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar tunda kusan ɗaya ce. Ni ba ni da tsawo, duk babur ɗin da na hau sai dai yatsun ƙafa su taɓa ƙasa. Dole ne sai tafin ƙafa biyu sun zauna?

Uwar_Sadiq:
Ga ƙwararre ba dole ba ne, da yawa ƙafa ɗaya suke saukewa su ɗan zame gefe. Amma ga mai koyo ina ganin ya nemi wanda aƙalla gaban tafin ƙafafunsa biyu za su zauna da kyau. Ni ma gajeruwa ce, na san tsoron da ke zuwa wa mutum in zai tsaya a wurin da ƙasa ta yi gangare. Kuma kar ka tsaya a kan lambar tsawon kujera kawai. Faɗinta ma yana ci. Kujera mai faɗi tana buɗe cinyoyi ta rage maka tsawon ƙafa, siririya kuma tana ba ka dama ko da ta fi tsawo a takarda. Honda Rebel 500 kujerarsa milimita 690 ce, tana cikin mafi ƙasa. Baburan daji da na doguwar tafiya da yawa sun kai 850 ko fiye. Ka je ka zauna a kai da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka ɗaga shi daga jak, ka karkata shi dama da hagu ka ji nauyin.

Gajeren_Zango:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Batun faɗin kujera ban taɓa lura da shi ba.

Roba_Roba:
Duk kun manta da abu guda. Mutumin nan cewa ya yi aiki zai riƙa zuwa a cikin gari. Me ya hana shi sayen marar hannun kulochi? Honda Super Cub tun 1958 ake ƙera shi, a 2017 ya cika miliyan 100, babu abin hawa mai inji da aka ƙera da yawansa. Giya kake takawa kawai, kulochin yana kama kansa. Ko sukuta ma, murza ka tafi. Hankalinka duka yana kan titi maimakon kan hannun hagu.

Mai_Sufana:
Gaskiya ne in nan zai tsaya. Amma wanda ransa ke kan 600 ba a nan zai tsaya ba. In yana da niyyar hawa babba wata rana, gara ya koyi kulochi yanzu a kan abin da ba zai hukunta shi ba. Wurin da kulochi ke fara kamawa, tafiya a hankali da ɗan totur da birkin baya, tashi a kan tudu ba tare da injin ya mutu ba, duk a kan ƙarami ake ƙwarewa da su.

Roba_Roba:
Kulochi ai a 'yan kwanaki ake koyonsa. Karatun titi shi ne mai ɗaukar shekaru.

Malam_Fili:
Ina koyar da hawan babur, kuma ku biyun kowa yana da gaskiyarsa. Abin da nake gani a fili shi ne, ɗalibin da ke tsoron babur ɗinsa ba ya koyo. Za ka gan shi kafaɗu a sandare, idonsa a kan tayar gaba, ya riƙe hannun babur kamar za a ƙwace masa. In ka ce ya yi kwana mai siffar takwas sai ya sauke ƙafa a tsakiya. Shi ɗin dai ka mayar da shi kan 125, kafin a tashi ya fara juya kansa yana kallon inda zai je, ya fara yarda ya kwantar da babur. A kan ƙarami kana iya murza totur har ƙarshe, ka taka duk giyoyin, ka kama birki da ƙarfi ka ji yadda gaba ke nutsewa, duk a gudun da in ka yi kuskure za ka tashi ka kakkaɓe jikinka. A kan babba kashi ɗaya cikin goma na abin da yake da shi kawai za ka riƙa taɓawa, shekara ta zagayo ba ka san iyakar komai ba.

Masu cewa za ka gaji da 125, ina so su gwada tsayawar gaggawa daga kilomita 50 a awa ba tare da tayar baya ta ja ba, su juya babur a faɗin titi mai layi biyu ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya iya waɗannan sau goma a jere shi ne zai ce ya gama da 125. Mafi yawa gudun miƙaƙƙen titi ne ya ishe su, shi kuma wannan ba ƙwarewa yake buƙata ba.

Ɗan_Totur:
Malam, na ji. To a babbar hanya fa? 125 yana tafiya 90, tirela tana bayanka tana hura maka iska, ka murza babu sauran abin murzawa. Wannan ma haɗari ne. Wani lokaci ƙarfi shi ke fitar da kai daga matsala.

Malam_Fili:
Wannan magana ce ta gaskiya, ban musa ba. Shi ya sa nake tambayar ɗalibi hanyar da zai riƙa bi kafin in ba shi shawara. In dole kullum sai ya bi hanyar da motoci ke gudun 100 zuwa sama, 125 bai dace ba, ya nemi 250 zuwa 400. In cikin gari ne, 125 ya wadatar. @Sabon_Mahayi fitar da ka ce kana yi waje, wace irin hanya ce?

Sabon_Mahayi:
Hanya ce mai layi ɗaya kowane ɓangare, akwai manyan motoci, amma ba kullum nake bin ta ba. Wataƙila sau ɗaya a wata.

Bako_A2:
To kar ka sayi babur saboda tafiyar sau ɗaya a wata. Ka saya don ta kullum. Amma in kana da hali, ajin tsakiya ba laifi ba ne. Kawasaki Ninja 400 wajen doki 45 ne, kilo 168. Akwai Yamaha MT-03, akwai Honda CB300R wanda bai kai su nauyi ba. Waɗannan an yi su ne da sababbin mahaya a rai, kulochinsu da laushi, kuma yawanci suna zuwa da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an kama birki.

Tsohon_Hannu:
ABS ɗin nan ni ban ga amfaninsa ba. Mun yi shekaru muna hawa babu shi. Yana sa mutum ya ƙi koyon birki.

Kawu_Bakanike:
Alhaji, ni ma babu shi na koya, amma ba zan hana yaro shi ba. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, kusan kashi 70 cikin 100. Mai koyo kuma in mota ta fito masa ba zato, damƙe birkin yake yi gaba ɗaya. Tayar gaba tana kullewa, babur ya tafi ƙasa nan take, babu lokacin gyara. ABS yana jin tayar za ta kulle sai ya riƙa saki yana kamawa sau da yawa a daƙiƙa guda. Ba ya hana ka koyon matsa birki a hankali sannan ka ƙara ƙarfi, ranar da tsoro ya sha gaban koyon ne yake yi maka aiki. Turai ta wajabta shi a kan sababbin baburan da suka haura 125cc tun 2016, Indiya ma ta bi sahu a 2019. Ƙananan kuma dole su zo da shi ko da birkin haɗaka, wanda in ka taka na baya yake ɗan kama na gaba.

Tsohon_Hannu:
A kan yashi da tsakuwa fa? Can ai tsawaita tsayawa yake yi.

Kawu_Bakanike:
Haka ne, shi ya sa baburan daji da yawa ake iya kashe na baya. Amma yaron nan kwalta zai bi.

Uwar_Sadiq:
Kafin a yi nisa, @Sabon_Mahayi kuɗin da ka ce ka tara, har da na hular kwano da sauran kaya, ko na babur ne kawai?

Sabon_Mahayi:
Na babur ne Hajiya. Akwai wata hula a gida da yayana ya daina amfani da ita.

Uwar_Sadiq:
Don Allah kar ka dogara da ita. Abin da ke kare kai ba ƙwaryar waje ba ce kawai, farin soson da ke ciki ne, shi ke murƙushewa ya shanye bugun. In ya taɓa shan bugu sau ɗaya ya gama aikinsa, ko da waje bai nuna komai ba. Kuma hular wani ba lallai ta zauna a kanka ba. Mai kyau ita ce wadda in ka ɗaure igiyar ka girgiza kai ba ta yawo, tana ɗan matsa kumatu. Ka nemi mai rufe haɓa gaba ɗaya, mai tambarin gwaji irin ECE 22.06 ko DOT. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawowa sun nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan 69. Sai safar hannu, domin duk wanda zai faɗi tafin hannu yake fara kai wa ƙasa. Sai takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kauri mai kariya a gwiwar hannu da kafaɗa. In sayen waɗannan zai sa ka koma ƙaramin babur ko na hannu, ka koma.

Ɗan_Totur:
A nan kam babu gardama. Ni ko shago zan je sai na sa safar hannu.

Na_Hannu:
Tunda an ambaci na hannu, ni ra'ayina mai koyo bai kamata ya sayi sabo ba sam. Sabo dal kana fitar da shi darajarsa ta sauka, kuma ƙarzanar farko za ta yi maka ciwo a rai. Ka sayi wanda wani ya riga ya ƙarza, ka yi shekara a kai, ka sayar kusan yadda ka saya.

Mai_Sufana:
Da sharaɗi. Mai koyo bai san yadda lafiyayyen babur yake ba, don haka ba zai gane marar lafiya ba. Zai ɗauka shi ne bai iya ba, alhali kan babur ɗin ne a karkace. In zai sayi na hannu ya tafi da wanda ya sani.

Kawu_Bakanike:
Ga abin da nake dubawa in an kai ni. Ina cewa kar a tayar da shi kafin in zo. Ina isa sai in ɗora hannu a kan injin, in na ji ɗumi na san an ɗumama shi, wataƙila don a ɓoye wahalar tashi. A tayar da shi a gabana yana sanyi, in saurari ƙara, in kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a injin da ba a haɗa masa mai da fetur yana nufin yana cin baƙin mai. Daga nan in zare sandar gwajin mai in ga launinsa da yawansa.

Sai in tsuguna wajen sarƙa. In ka kama ta a bayan sufuroket ka ja, ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama. Haƙoran su ma in sun yi tsini sun lanƙwasa gefe guda, saitin duka za a canza. Ƙafafun gaba, wato shokar gaba, in duba ko mai yana tsatsa, sai ka ga zobe mai maiƙo a jikin ƙarfen bayan ka danna su. In ɗaga gaba in juya kan dama da hagu, in akwai wurin da yake sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake kallo ba. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya tana taurarewa ta daina kama titi ko da zanenta bai cinye ba.

Ƙarshen hannuwa, da matakan ƙafa, da gefen salansa su ke ba da labarin faɗuwa. Ƙarzana gajeriya faɗuwar tsaye ce, ba komai. Dogayen layuka a jere na nufin ya ja a ƙasa yana gudu. Lambar jikin babur da ta inji kuma su yi daidai da na takarda, harafi da harafi. In ba su yi ba, ko kyauta aka ba ka ka tafi.

Na_Hannu:
Kawu wannan ya kamata a maƙala shi a saman zaure.

Sabon_Mahayi:
Na kwafe shi. Wata tambaya: a cikin 125 ɗin ma akwai iri da yawa. Wanne?

Tsohon_Hannu:
Wanda kayan gyaransa ke kusa da kai, kuma makanikai suka san cikinsa. Wannan ya fi sunan kamfani. Honda CG125 ya yi suna ne don haka. A tsakiyar shekarun 1970 suka ƙera shi musamman don wuraren da ba a cika kula da canjin mai a kan lokaci ba, suka sauƙaƙa injin yadda zai jure. Har yau ƙananan babura da yawa a kan tsarinsa suke. Yamaha YBR125, Honda CB125F, Bajaj Boxer, duk ajin aiki ne, zama a miƙe, ba sa shan mai, ba sa son rigima.

Mai_Sufana:
Ƙarin bayani kaɗan: ka duba tsarin giyar. Manyan babura kusan duka ɗaya ƙasa ne, sauran sama, furi tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Wasu ƙananan kuwa duk ƙasa ake takawa. In kana da niyyar hawa babba daga baya, ka zaɓi mai tsarin manyan, don kar ƙafarka ta saba da wani abu ka zo kana rage giya a inda kake son ƙarawa.

Wutar_Batir:
Ba wanda ya ambaci na lantarki. Babu kulochi, babu giya, babu canjin mai.

Malam_Fili:
Suna da kyau a gari in kana da wurin caji. Abu biyu dai mai koyo ya sani: ƙarfinsu yana zuwa nan take daga tsaye, kuma ba su da ƙara, sai mutum ya manta a kunne yake ya jingina hannu a totur. Masu tafiya a ƙasa ma ba sa jin zuwanka.

Bako_A2:
Bari in koma kan maganar Ɗan_Totur ta farko, cewa hannun dama ne matsala. Akwai tsohon binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Amurka, aka fitar a 1981, sun bi haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabin mahayan ba su kai wata biyar a kan babur ɗin da suka yi haɗarin da shi ba. Kuma a haɗurran da suka haɗa da wata mota, kusan kashi biyu cikin uku direban motar ne ya shiga gaban mai babur, galibi ya ce bai gan shi ba. Abin da na fahimta, watannin farko su ne masu tsanani, kuma abin da zai same ka sau da yawa ba kai ka jawo shi ba. Hankalinka ba zai hana mota fitowa ba. Abin tambaya shi ne a wane gudu za ta same ka, kuma hannunka ya san abin yi ko bai sani ba.

Ɗan_Totur:
Wannan binciken ai ya nuna duk lokacin da ka canza babur ka koma sabo. To wanda ya fara da 125 ya koma 300 ya koma 600 sau uku zai shiga watannin haɗarin, ni kuwa sau ɗaya na shiga.

Malam_Fili:
Sabo da babur daban, sabo da titi daban. Wanda ya shekara biyu a kan ƙarami in ya hau babba abu ɗaya yake koya. Yaron nan in ya hau 600 gobe, babur da titi da kulochi da tsoro duk a lokaci guda zai fuskanta.

Ɗan_Totur:
A kan 600 na tsere na riga na sauka, kar ya saya. A kan 125 ne ban sauka ba. In ni ne shi, 300 zan nema.

Uwar_Sadiq:
Ni kuma 125 da kayan kariya masu kyau, da kuɗin horo a hannun mai koyarwa.

Sabon_Mahayi:
Na faɗa wa abokin yayana ya nemi wani mai saye. Tsakanin 125 da 300 ne har yanzu ban yanke ba, zan je in zauna a kan kowanne kamar yadda Hajiya ta ce. Abu na ƙarshe, ina so in riƙa ɗaukar maiɗakina wani lokaci. Wannan zai canza lissafin?

Kawu_Bakanike:
Zai canza, amma ba yanzu ba. Fasinja yana ƙara nisan tsayawa, yana sauƙaƙa gaban babur, kuma in ta motsa a kwana kai za ka ji. Ka bari sai tashi da tsayawa da birkin gaggawa sun zama ba ka tunaninsu. In lokacin ya yi, ka ƙara iskar tayar baya yadda littafin babur ɗin ya ce, ka ɗaure shokar baya, ita ma a saya mata hularta daidai kanta, ku fara a fili kafin titi. 125 zai ɗauki mutum biyu a gari, a kan tudu ne zai yi nishi.

Gajeren_Zango:
@Sabon_Mahayi in ka je gwajin zaman, don Allah ka duba mini tsawon kujerar CB125F da ta MT-03, ka faɗa mini wadda ta fi siranta wajen tanki.